Tambayoyi da Amsoshi kan Ziyarar Gaɓar Kankun da Kufan Biranen Maya a Meziko

Waɗannan tambayoyi ne da mai shirin tafiya zirin Yukatan ya kamata ya sami amsarsu kafin ya biya kuɗin jirgi, musamman idan daga Afirka ta Yamma zai taso kuma yana son ya ga abin da ya wuce bakin ruwa da ɗakin otal.

A ina yankin yake, kuma mene ne alaƙarsa da al'ummar Maya?

Zirin Yukatan yana kudu maso gabashin Meziko, ya kutsa cikin ruwa tsakanin Tekun Meziko da Tekun Karibiyan, kuma jihohi uku ne suka raba ɓangaren Meziko na zirin, wato Quintana Roo da Yukatan da Campeche. Gaɓar da ta yi suna a wurin masu yawon buɗe ido tana cikin Quintana Roo. Ta taso daga Kankun, ta gangara kudu ta Puerto Morelos da Playa del Carmen har Tulum, tafiyar kimanin kilomita 130 a kan babbar hanya mai lamba 307, kuma kudancin wannan gaɓa ne ake kira Riviera Maya.

Kankun sabon gari ne. A 1970 gwamnatin Meziko ta zaɓi wani siririn tsibiri da ba kowa a kansa sai masunta da masu gadin gonakin kwakwa, ta fara gina wurin shaƙatawa da gangan domin jawo kuɗin ƙasashen waje, otal-otal na farko kuma suka buɗe a 1974, shekarar da Quintana Roo ta zama jiha. Ƙasar da aka ɗora wannan gari a kanta kuwa ta al'ummar Maya ce tun shekaru dubbai kafin Sifaniyawa su iso. Saboda haka wurare biyu ne a haɗe, ɗaya an gina shi domin baƙi, ɗaya kuma yana da mutanensa da harshensa da tarihinsa, kuma wanda ya ƙare hutunsa a cikin shingen otal na farkon kaɗai ya gani.

Ana buƙatar biza?

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma Meziko tana da ofishin jakadanci a Abuja. Sai dai akwai sauƙin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: wanda yake da biza mai rai ta Amurka ko Kanada ko Birtaniya ko Japan ko ta ƙasashen Shengen na Turai, Meziko tana barinsa ya shiga yawon buɗe ido ba tare da bizarta ba. Wannan sauƙi bai ɗauke wa kowa tambayoyin jami'an shige da fice ba, domin su ne ke yanke yawan kwanakin da baƙo zai yi, iyakarsu 180, kuma suna da ikon mayar da mutum daga filin jirgi. Ya kamata tikitin komawa da shaidar kama ɗaki da shaidar kuɗin guzuri su kasance a hannu, a buge a takarda. Jihar Quintana Roo kuma tun 2021 take karɓar harajin baƙi mai suna Visitax, wanda ake biya ta intanet, kuma a shafin gwamnatin jihar ya dace a biya, domin akwai shafukan 'yan tsakiya da ke ƙara kuɗi a kai.

Ta wace hanya ake zuwa?

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa Kankun, don haka dole a ya da zango, kuma a nan ne ake yawan yin asarar kuɗi. Bi ta Amurka yana buƙatar bizar Amurka ko da mutum ba zai fita daga filin jirgi ba. Bi ta ƙasashen Shengen yana buƙatar bizar ya da zango ga masu fasfon Najeriya da Gana, sai dai idan suna riƙe da wata bizar da ta ɗauke musu wannan sharaɗi, kamar ta Amurka ko Kanada. Shi ya sa mutane da dama ke duba hanyar Istanbul, inda Turkish Airlines ke da jirgin da ke zuwa birnin Meziko da Kankun. Tafiya ce mai cin yini da kwana, kuma agogon Kankun yana bayan na Najeriya da Nijar da awa shida.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Afrilu ruwan sama yana ja da baya, zafi kuma yana sassautawa, amma a ƙarshen Disamba da makon Ista farashi yakan yi tashin gwauron zabi. A watan Maris ɗaliban jami'o'in Amurka sukan cika Kankun da hayaniyar hutunsu, abin da mai tafiya da iyali zai so ya kauce masa. Mayu shi ne watan da zafi ya fi tsanani a cikin ƙasa, inda Merida, babban birnin jihar Yukatan, kan kai digiri 40, ga kuma laima a cikin iska wadda ke hana gumi bushewa, don haka ko wanda ya saba da bazarar Sahel zai ji bambanci.

Lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma ya fi haɗari daga Agusta zuwa Oktoba. Guguwar Gilbert a 1988 da guguwar Wilma a Oktoban 2005 sun yi wa Kankun mummunar ɓarna, guguwar Beryl kuma ta sauka kusa da Tulum a Yulin 2024. Masauki yana da rahusa a waɗannan watanni, amma wanda zai ci wannan rahusa ya tabbata tikitinsa na iya sauya rana.

Mece ce ciyawar da ake cewa tana ɓata bakin ruwan?

Wata ciyawar teku ce mai launin ƙasa-ƙasa da ake kira sargaso. Tun 2011 take yaɗuwa a wani dogon ziri na Tekun Atlantika da ya miƙe daga gaɓar Afirka ta Yamma har Karibiyan, kuma a 2015 da 2018 ta taru a gaɓar Quintana Roo fiye da yadda aka saba gani. Idan ta ruɓe a kan rairayi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan da ke da shuɗi kuma ya koma kamar na kududdufi. Ta fi yawa daga Afrilu zuwa Agusta. Gaɓar da ke kallon gabas ita ta fi shan wahala, yayin da arewacin tsibirin Isla Mujeres da yammacin tsibirin Cozumel sukan tsira saboda ba su fuskanci inda igiyar ruwa ke kawo ta ba.

A ina ya kamata a sauka?

Unguwar otal-otal ta Kankun, mai tsawon sama da kilomita 20, ta fi dacewa da wanda ke son tsarin biya sau ɗaya, inda ɗaki da abinci da abin sha ke cikin farashi. Playa del Carmen gari ne da ake iya zagayawa a ƙafa, kuma daga nan jirgin fito ke kai mutane Cozumel cikin kusan minti 45. Tulum ya yi tsada fiye da abin da yake bayarwa, a ganina. Wanda tarihi ya kawo shi ya raba kwanakinsa biyu, ya yi wasu a gaɓa, wasu kuma a Valladolid, ƙaramin garin zamanin mulkin Sifaniya da ke kimanin kilomita 45 daga Chichen Itza, inda masauki ya fi araha, ana kuma jin harshen Maya a kasuwa.

Me ake gani a Chichen Itza, kuma yaya za a tsara ziyarar?

Chichen Itza birni ne da ya yi ƙarfi tsakanin ƙarni na 9 da na 11, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, kuma a 2007 aka zaɓe shi cikin sababbin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya. A tsakiyarsa akwai dalar Kukulkan, mai tsayin kimanin mita 30 idan aka haɗa da ɗakin bautar da ke samanta. Kowace fuska daga cikin huɗun tana da matakala 91, jimilla 364, idan aka ƙara dandamalin sama sai su cika 365, adadin kwanakin shekarar rana. A wajajen 20 ga Maris da 22 ga Satumba, lokacin da dare da yini ke daidaita, rana mai gangarowa yamma takan jefa inuwar kusurwoyin dalar a gefen matakalar arewa, sai a ga kamar jikin maciji yana saukowa ya haɗu da sassaƙaƙƙen kan maciji da ke ƙasa. Idan mutum ya tsaya gaban matakalar ya tafa hannu, amon da ke dawowa yakan fito da wata siririyar ƙara da ake kamantawa da kukan tsuntsun ketsal, shi ya sa ake jin tafi ba ƙaƙƙautawa a filin duk yini. An hana hawa dalar, kuma waɗanda suka keta dokar sun gamu da tara da fushin jama'a.

Filin wasan ƙwallon birnin shi ne mafi girma a duk yankin, tsawonsa mita 168, faɗinsa mita 70, da zoben dutse a can saman kowane bango. Da ƙugu ake buga ƙwallon roba mai nauyi, kuma sassaƙar da ke jikin bangon tana nuna ɗan wasa da aka sare wa kai, abin da ke tabbatar da cewa wasan yana haɗe da bauta. Akwai kuma gini mai zagaye da ake kira Caracol, wanda tagoginsa suka dace da inda tauraruwar Zara ke fitowa da faɗuwa a wasu lokutan shekara. Wata tsohuwar hanya tana kaiwa ga babbar rijiyar hadaya mai faɗin kusan mita 60, wadda Ba'amurke Edward Thompson ya yashe daga 1904, ya fito da zinariya da duwatsu masu daraja da ƙasusuwan mutane, ya kuma aika da yawancinsu gidan tarihin jami'ar Harvard, lamarin da ya zama ƙara a kotunan Meziko.

Daga Kankun tafiyar kusan kilomita 200 ce, kimanin awa biyu da rabi ta hanyar da ake biyan kuɗi. Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 8 na safe, manyan motocin baƙi daga gaɓa kuma sukan fara isowa da hantsi, don haka wanda ya kwana Valladolid yakan sami awa biyu na sanyin safiya kafin cunkoso. A lura cewa agogon jihar Yukatan yana bayan na Quintana Roo da awa ɗaya, abin da ke rikita masu lissafin lokacin mota. Kuɗin shiga kashi biyu ne, na hukumar kayan tarihi ta ƙasa INAH da na jiha. Ranar Lahadi 'yan ƙasa ba sa biya, saboda haka wurin ya fi cika.

Idan an ga Chichen Itza, akwai amfanin zuwa sauran kufan?

Akwai, domin ba iri ɗaya ba ne. Tulum ƙaramin gari ne mai ganuwa a kan gaɓar dutse mai tsayin mita 12, ya bunƙasa tsakanin ƙarni na 13 da na 15 a matsayin tashar fatauci ta kwale-kwale, kuma yana da mutane a cikinsa lokacin da jiragen Sifaniyawa suka fara gilmawa ta gaɓar a 1518. Gine-ginensa ba su kai na sauran ƙawa ba, tekun da ke bayansu ne ya ɗaukaka shi. Coba tana cikin daji, ana zagaya ta da keken haya, tana da dala mai tsayin mita 42, kuma daga nan wata farar hanyar dutse ta miƙe kusan kilomita 100 zuwa wani tsohon garin Maya mai suna Yaxuna, a ƙasar da ba a san doki ko keken shanu ba. Uxmal, kimanin kilomita 80 kudu da Merida, ita ce ta fi kyawun sassaƙa, kuma fuskar Chaac, abin bautarsu na ruwan sama, ta cika bangayenta saboda yankin ba shi da rijiyoyin halitta, sai ramukan tara ruwan damina da mutanen suka haƙa suka shafe da farar ƙasa. Wanda zai zaɓi guda ɗaya bayan Chichen Itza, Uxmal ta fi cancanta duk da nisanta.

Mene ne senote, kuma shigarsa ba haɗari?

Arewacin zirin Yukatan ba shi da kogi a sarari. Ƙasarsa dutsen farar ƙasa ne mai huji-huji, ruwan sama yana tsiyayewa cikinsa ya riƙa gudana ta ƙarƙashi, kuma a inda rufin kogo ya rufta sai ruwan ya bayyana. Wannan rijiyar halitta ita ake kira senote, kuma akwai dubbansu. A kansu mutanen Maya suka kafa garuruwansu, suka kuma ɗauke su ƙofofin duniyar matattu. A arewa maso yamma an jera su a zobe, bisa gefen ramin Chicxulub, inda wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo shekaru miliyan 66 da suka wuce, faɗuwar da masana ke dangantawa da ƙarewar manyan dabbobin dainoso. Kusa da Tulum, a 2018 masu nutso suka gano mahaɗar kogon Sac Actun da na Dos Ojos, tsawon hanyoyin ruwan ya kai kilomita 347, kuma a wani rami na wannan kogo aka sami ƙasusuwan wata yarinya da suka haura shekara 12,000.

Ruwan yana da sanyi, garau yake har ana hango ƙasa, kuma wannan hasken ne ke yaudarar ido, domin wurin da ake zaton tsayin mutum ne yakan zarce mita goma. Wanda bai iya iyo ba ya sa rigar kariya, wadda a wurare da yawa ma dole ce. Ana wanka kafin a shiga, kuma ba a shiga da man shafawa ko maganin sauro a jiki, saboda ruwan da ƙauyuka ke sha ne. Nutso cikin kogo sai mai takardar horo tare da jagora.

Shin al'ummar Maya sun ƙare ne?

Ba su ƙare ba, kuma wannan ita ce kuskuren fahimtar da tallace-tallacen otal suka fi yaɗawa. Manyan biranen kudu irin su Tikal a Gwatemala sun watse a wajajen ƙarni na 9, inda masana ke ambaton fari mai tsawo da yaƙe-yaƙe da ƙarewar dazuka, amma mutanen sun ci gaba da rayuwa, biranen arewa ma a lokacin suka tashi. Sifaniyawa sun kafa Merida a 1542 a kan kufan wani birnin Maya, suka gina babban cocinsu da duwatsunsa. A 1562 limamin Kirista Diego de Landa ya ƙona littattafan Maya a garin Mani, kuma a yau huɗu kacal aka sani sun tsira daga cikin littattafan al'ummar da ta ƙirƙiri rubutunta, ta yi lissafi da sifili, ta kuma riƙe kalanda biyu, mai kwana 260 da mai kwana 365. Birninsu na ƙarshe mai cin gashin kansa bai faɗi ba sai 1697. A 1847 manoman Maya suka yi tawayen da ya kusa ƙwace zirin gaba ɗaya, suka kafa hedkwata a garin da yanzu ake kira Felipe Carrillo Puerto, kuma sojojin Meziko ba su shiga garin ba sai 1901.

Ƙidayar 2020 ta nuna masu magana da harshen Maya na Yukatan sun haura 770,000. Su ne da yawa daga cikin magina da masu dafa abinci da masu gyaran ɗakuna a otal-otal ɗin gaɓa, waɗanda ke tahowa daga ƙauyukan cikin ƙasa. Wanda zai ɗauki hoton mace sanye da farar rigarta mai surfanin furanni, ya nemi izini tukuna.

Yaya Musulmi zai yi da abinci?

A nan ake buƙatar lura sosai, domin naman alade ya ratsa girkin Yukatan. Fitattun abincin yankin, cochinita pibil da poc chuc, na alade ne. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne kitsen alade, manteca, wanda ake soya wake da shi, ana kuma cuɗa shi cikin ƙullin masarar da ake naɗewa a ganye a turara, don haka ko abincin da ba a ga nama a cikinsa ba sai an tambaya. Kalmomin da za a kiyaye a takardar abinci su ne cerdo da puerco da jamón da tocino da chorizo. Naman yanka na halal yana da wuyar samu, saboda Musulmin Meziko gaba ɗaya ba su kai 10,000 ba a ƙidayar 2020.

Mafita tana cikin teku. Akwai tikin xic, kifin da ake shafe wa jan kayan ƙamshi a gasa a ganyen ayaba, akwai kifi da jatan lande da ake jiƙawa a ruwan lemun tsami, akwai kuma papadzules, gurasar masara da aka cusa wa dafaffen ƙwai aka kwarara mata miyar 'ya'yan kabewa. Barkonon yankin, habanero, ɗan'uwan attaruhu ne, kuma ba a raina shi. Jan abin shan da ake kira agua de jamaica zoɓo ne tsantsa, kuma Meziko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano. A otal mai tsarin biya sau ɗaya giya na cikin farashin, wanda ba ya sha kuwa ya biya abin da ba zai taɓa ba, don haka sau da yawa kama ɗaki mai kicin ya fi riba.

Salla da sutura fa?

Alƙibla daga Kankun tana arewa maso gabas, kuma yawancin salloli a ɗaki za a yi su. Shigar masu wanka a gaɓa ta yi nisa da abin da iyalan Musulmi suka saba, amma ba a hana mace shiga ruwa da cikakkiyar rigar iyo, kuma da sassafe bakin ruwan kusan ba kowa.

Yaya ake zirga-zirga?

Manyan motocin kamfanin ADO suna haɗa filin jirgin Kankun da Playa del Carmen da Tulum da Valladolid da Merida, suna da sanyi kuma suna tashi kan lokaci. Ƙananan motocin haya da ake kira colectivo suna bin hanya 307 a farashi kaɗan. Tasi ba ta aiki da mita, a yi ciniki kafin a shiga. A Disambar 2023 aka ƙaddamar da jirgin ƙasa na Tren Maya, wanda layinsa ya haura kilomita 1,500, aka kuma buɗe filin jirgin sama a Tulum a watan. Jirgin yana tsayawa kusa da Chichen Itza da Valladolid, amma tashoshi da dama suna wajen gari, kuma aikin ya sha suka saboda sare daji da kafa ginshiƙai a cikin kogwannin ruwa.

Akwai matsalar tsaro ko ta lafiya?

Jihar Yukatan na cikin mafiya zaman lafiya a Meziko. A Quintana Roo ƙungiyoyin masu safarar miyagun ƙwayoyi suna rikici kan kasuwar wuraren rawa na dare, kuma a Oktoban 2021 harbin da suka yi wa juna a Tulum ya kashe baƙi biyu, saboda haka nisantar irin waɗannan wurare shi ne babban kariya. Lambar gaggawa 911 ce. Ba a shan ruwan famfo. Sauro mai kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, ya fi yawa da damina. A bakin teku jar tuta na nufin haɗari, baƙa kuma na nufin an rufe ruwan, kuma asibitocin kuɗi sukan nemi a ajiye wani abu kafin su taɓa majiyyaci, don haka inshorar tafiya ba ɓarnar kuɗi ba ce.

Wane kuɗi ake kashewa, kuma wace tsaraba ta dace?

Kuɗin ƙasar peso ne. Ana karɓar dalar Amurka a gaɓa amma a canji mai cutarwa, kuma a ƙauyuka da ƙananan senote sai tsabar peso. Tukwicin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari al'ada ce a gidajen abinci. Wutar lantarki mai ƙarfin volt 127 ce da soket irin na Amurka, don haka a tafi da adafta. Tsarabar da ta fito daga hannun mutanen yankin ita ce ragar kwanciya da ake saƙawa a ƙauyukan da ke kewayen Merida, da riguna masu surfani, da zumar melipona, ƙudan da ba ya harbi wanda mutanen Maya ke kiwo a cikin kututturen itace tun kafin zuwan Turawa. Dokar tarayya ta 1972 ta mayar da duk kayan tarihi mallakin ƙasa, saboda haka ɗaukar ko da ɗan katangar tukunya daga kufai laifi ne da ake hukuntawa da ɗauri.